Naka yana gidan yari kuma ciwo ya ci ƙarfinsa? Ga yadda ake bin maganar

Yawancin mutane da zarar an ce musu nasu da ke gidan yari yana kwance ba lafiya sosai, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne wa za a je a kama ƙafa da shi, wane babba aka sani, wa zai sa baki. Ni ban ce kar a yi ba. Amma fa shi kansa babban kafin ya ɗaga waya abin da zai fara tambaya shi ne "ina takardun?", kuma a nan ne ake tsayawa cirko-cirko ana kallon juna don babu wanda ya ajiye komai, sai dai labarin baki, wai ya rame, wai ba ya iya tashi, wai an ce kansa ce, wato ciwon daji.

Aiki biyu ne a gabanka. Na farko a samu a duba shi a yi masa magani yana ciki. Na biyu a nemi a sake shi saboda halin da yake ciki, abin da wasu ƙasashe ke kira sakin jinƙai, wasu su ce afuwa, wasu kuma dakatar da hukunci saboda rashin lafiya. Kar ka ce bari in gama da na farko tukuna in ga yadda hali zai yi. Tare ake jan su, domin duk takardar da ka rubuta kana neman a kai shi asibiti, da duk amsar da aka ba ka, da ma shirun da aka yi maka, su ne hujjarka gobe idan ka zo neman sakin.

Fara da izininsa a rubuce

Wannan shi ne abin da ake mantawa kuma shi ke tsayar da komai. Bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne ko da yana ɗaure, likitan gidan yari ba zai buɗe maka fayil ba don kawai ka ce kai ƙaninsa ne ko ke matarsa ce, kuma gaskiyarsa ne. Saboda haka a ziyarar farko a sa shi ya rubuta ko ya sa hannu cewa ya yarda wane ɗan wane ya karɓi bayanin lafiyarsa ya kuma yi magana a madadinsa, da kwanan wata, in akwai fom na musamman a gidan a cika shi. A yi wannan tun yana cikin hayyacinsa. Wanda ciwon hanta ko na ƙoda ya yi wa nisa, ko mai cutar mantuwa, yau yana gane ka gobe ba ya ganewa, kuma idan aka kai nan sai an bi ta kotu kafin wani ya samu ikon wakiltarsa, wata doguwar tafiya ce daban.

Mutum ɗaya za a zaɓa a dangi ya riƙe maganar. Ɗaya tak. In yau yaya ya je, gobe kawu ya kira, jibi wata ta turo saƙo, kowa da irin bayaninsa, ma'aikatan za su gaji da ku kuma babu wanda zai san inda aka kwana.

Shi wannan mutum ɗayan ya samu littafi. Duk ziyara, duk waya, ya rubuta rana, da wa ya yi magana, me aka ce. Kuma in ka je ziyara kar ka tsaya a "ya jiki?" "da sauƙi", don ɗaurarre ya saba ɓoye rauninsa, a wurin da yake rauni ba abin nunawa ba ne, ga kuma ba ya son ya tayar muku da hankali. Ka duba da idonka. Da ƙafarsa ya zo ko riƙo shi aka yi, waye ya riƙo shi, gandiroba ne ko wani fursuna ɗan uwansa. Ƙafafun sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga? Farin idonsa ya koma rawaya? Yana iya kai ƙarshen magana ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba? Ka tambaye shi sunan maganin da ake ba shi, sau nawa a rana, yaushe rabon da a ba shi, yaushe rabon da likita ya gan shi, likita fa, ba nas ko mai raba magani ba. Kana fita ka rubuta kafin ka manta. Wata uku nan gaba wannan littafin zai nuna yadda jikin ke yin ƙasa a hankali, abin da rahoton rana ɗaya ba zai taɓa nunawa ba.

Abin da doka ta ba shi yana ciki

Akwai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan yadda ake riƙe fursunoni, an fara su tun 1955, aka sabunta su a Disambar 2015 aka sa musu suna Dokokin Nelson Mandela, guda 122 ne. Ba yarjejeniya ba ce da za ka kai ƙasa ƙara kai tsaye a kanta, amma ƙasashe sun amince da su, kotuna na ambatonsu, kuma shugaban gidan yari ya san da su ko da bai so ka sani ba. Ka riƙe lambobin nan don sa su a wasiƙa yana canza yadda ake karanta ta. Ta 24 ta ce kula da lafiyar fursuna nauyin gwamnati ne, kyauta, kuma daidai da irin kulawar da ake samu a waje, har da ci gaba da maganin da ya shigo da shi kamar na HIV da tarin fuka. Ta 26 ta ce a ajiye masa fayil kuma yana da damar ganinsa, yana iya wakilta wani ya gani. Ta 27 ita ce babba a wurina: in abu ya yi gaggawa a duba shi nan take, in yana buƙatar ƙwararre ko tiyata a kai shi asibitin waje, sannan hukuncin da likita ya yanke kan lafiya ma'aikacin da ba likita ba ba shi da ikon soke shi. Ta 33 ta ɗora wa likitan gidan nauyin ya sanar da shugaban gidan idan ya ga ci gaba da tsarewar na cutar da lafiyar mutum. Ta 69 kuma ta ce a sanar da wanda fursunan ya zaɓa idan ya kamu da ciwo mai tsanani ko an kai shi asibiti. Wanda ba a yanke wa hukunci ba yana da ƙari a ta 118, likitansa na waje na iya zuwa ya duba shi in akwai dalili kuma zai iya biya.

Kotuna ma sun yi magana. A Amurka tun 1976 kotun ƙoli a shari'ar Estelle da Gamble ta ce yin ko-in-kula da gangan ga babban ciwon fursuna azabtarwa ce da tsarin mulki ya hana. A Turai a 2002 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta samu Faransa da laifi a shari'ar Mouisel, mutumin da ke da kansar jini aka ci gaba da tsare shi ana kai shi asibiti da ankwa. A Afirka sashe na 16 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar ya ba kowa haƙƙin lafiya, bai ware ɗaurarre ba.

To yaya ake amfani da wannan? Da wasiƙa gajera zuwa ga shugaban gidan yarin, kwafi ga likitan gidan. Shafi ɗaya ya isa. Sunansa, lambarsa, ɓangaren da yake, ciwon, abin da ka gani da ranar da ka gani, sai abu ɗaya takamaimai da kake nema. Kar ka rubuta "a taimaka a kula da shi", wannan ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Ka rubuta misali "ina neman a kai shi ya ga likitan ƙoda a yi masa gwajin jini cikin kwana bakwai, a kuma sanar da ni sakamakon a rubuce". Ka kai kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka ka dawo da shi gida. In sun ƙi bugawa ka aika ta gidan waya irin wanda ake sa hannu in an karɓa, ko ta imel. Kuma don Allah ban da zagi da barazana a ciki, duk yadda ranka ya ɓaci, domin kai za ka koma gida ka kwanta, shi kuma yana hannunsu.

In kwanakin sun wuce shiru, sai ka hau sama: hedikwatar hukumar gidajen yari, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, ofishin sauraron koke-koken jama'a ko masu sa ido kan gidajen yari in akwai su, sai kuma kotu ta hannun lauya. Kowace sabuwar wasiƙa ka liƙa mata kwafin ta baya.

Wani abu da na lura da shi, sau da yawa ba ƙeta ce ke hana kai mutum asibiti ba, rashin mota ne da rashin masu rakiya, don fursuna ɗaya a gadon asibiti yana cinye ma'aikata biyu ko fiye dare da rana. Shi ya sa ake ta ɗage ranar ganin likita. Wannan ba uzuri ba ne, amma ka rubuta duk ranar da aka ɗage, musamman ga mai wankin ƙoda da yawanci sau uku ake yi a mako, ko mai karɓar maganin ciwon daji da ke da ranakunsa. Jerin ranakun da aka tsallake shi ne shaida mafi ƙarfi cewa gidan ba zai iya riƙe shi ba.

Wace ƙofa ce taku?

Kafin ka rubuta neman saki sai ka san matsayinsa. Wanda ke zaman jiran shari'a ba afuwa zai nema ba tunda ba a same shi da laifi ba, beli zai nema a gaban alƙali bisa dalilin rashin lafiya. A Najeriya alal misali sashe na 161 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya yarda a ba da beli ko a tuhumar da hukuncinta kisa ne idan likitan asibitin gwamnati ya tabbatar da ciwon, aka kuma nuna cewa masu tsare shi ba su da kayan aikin kula da shi. Ka lura da sharaɗi na biyun nan, kusan ko'ina haka alƙalai ke tunani: ciwo kaɗai bai isa ba, sai an nuna ba za a iya maganinsa a ciki ba.

Wanda aka riga aka yanke wa hukunci kuwa, ya danganta da ƙasar. A wasu wuraren alƙali ne ke da wuƙa da nama, a wasu minista, a wasu kwamiti, a wasu sai shugaban ƙasa ko gwamna.

A Amurka, ga fursunonin gwamnatin tarayya, da can hukumar gidajen yari ce kaɗai ke iya kai maganar kotu, in ta ƙi shikenan. Wani rahoton babban sufeton ma'aikatar shari'a na 2013 ya gano cewa cikin mutum 208 da shugabannin gidajensu da na yanki suka riga suka amince, 28 sun mutu kafin hedikwata ta yanke hukunci. Dokar First Step Act ta Disambar 2018 ta canza wannan, yanzu fursuna na miƙa buƙata ga shugaban gidan, in kwana 30 suka wuce yana iya zuwa kotu da kansa. Dokar ta kuma ce in likita ya tabbatar ciwon ajali ne a sanar da iyali da lauya cikin awa 72, a ba su damar ziyara cikin kwana bakwai, a kuma duba buƙatar cikin kwana 14. Amma wannan na tarayya ne kawai, kowace jiha da nata tsarin, wasu ma sun fi tsauri nesa ba kusa ba.

A Ingila da Wales sakataren shari'a, wato ministan shari'a, ne ke da ikon, kuma ma'aunin da aka saba shi ne ana ganin 'yan watanni kaɗan suka rage wa mutum, ko ya zama ba ya iya tashi daga gado. Suna da wani sharaɗi da ya kamata kowa ya sani don ana samunsa a wasu wurare ma: ba a sakin mutum bisa abin da alƙali ya riga ya sani lokacin yanke hukunci. Wato in yana da ciwon tun lokacin shari'a, sai ka nuna abin da ya canza tun daga nan.

A Faransa dokar 4 ga Maris 2002 ta ba alƙalin da ke kula da zartar da hukunci ikon dakatar da zaman mutum idan ciwon na barazana ga rayuwarsa ko kuma jikinsa ba zai iya jure zaman gidan yari ba. Dakatarwa ce fa, in ya warware ana iya mayar da shi.

Afirka ta Kudu kuma sashe na 79 na dokar gidajen gyaran hali ya jera abu uku, kuma ni a ganina ko a wace ƙasa kake ka ɗauki ukun nan ka gina takardarka a kansu: ciwon ajali ne ko ya nakasa shi har ba ya iya kula da kansa, haɗarin ya sake aikata laifi kaɗan ne, sannan an tanadi inda za a kula da shi a waje. A Najeriya ikon afuwa na shugaban ƙasa ne a sashe na 175 na kundin 1999 ga laifukan tarayya, na gwamna kuma a sashe na 212 ga laifukan jiha, kowanne da masu ba shi shawara, don haka sai ka san a ƙarƙashin wace doka aka ɗaure shi kafin ka aika takarda inda ba nan ba ne.

In ƙofa biyu a buɗe suke, ƙwanƙwasa duka biyun. Akwai kuma na tsaka-tsaki da mutane ba sa tambaya: sakin wucin gadi don jinya, tsarewa a gida, ko mayar da shi asibiti ya ƙarasa a can. Wani lokacin wanda ya ji tsoron sa hannu a saki gaba ɗaya zai sa hannu a wannan ba gardama.

Rahoton likita

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, bari in ɗan daɗe a kai. Yawancin rahotannin da iyalai ke kawowa layi uku ne: wane yana fama da kansar hanta, yana karɓar magani, a taimaka masa. Mai yanke hukunci ba likita ba ne, sunan ciwo ba ya gaya masa komai, ya san mutane da yawa masu kansa da ke yawo da ƙafarsu. Abin da yake so ya sani shi ne me mutumin nan ke iya yi da abin da ba ya iya yi. Ka roƙi likitan ya rubuta shi ɓaro-ɓaro: ba ya iya tashi daga gado sai an ɗaga shi, ba ya iya zuwa banɗaki shi kaɗai, sai an yi masa wanka an sa masa kaya, ya faɗi sau kaza a watan nan, nauyinsa ya sauka daga kaza zuwa kaza tsakanin wata kaza da wata kaza, an kwantar da shi asibiti sau kaza a bana. Likitoci na da ma'auni na wannan, akwai na Karnofsky da ke tafiya daga 100, wato lafiya lau, zuwa sifili, wanda ke kan 50 yana buƙatar taimako sosai, 40 zuwa ƙasa kuwa ya nakasa. In likitan ya sa lambar ya kuma fassara ta da kalmomin da kowa zai gane, ya yi maka rabin aikin.

Sai rahoton ya faɗi irin kulawar da yake buƙata da kuma wadda gidan yarin ba ya iya bayarwa. Wanda ke kwance sai an riƙa juya shi kamar duk awa biyu don kar gyambon kwanciya ya kama shi, waye zai yi wannan da dare bayan an kulle ɗakuna? Mai buƙatar maganin raɗaɗi mai ƙarfi irin su mofin da tsakar dare, ina zai samu alhali ɗakin magani a rufe yake? A gidajen yari da yawa fursunoni 'yan uwansa ne ke ɗaukarsa, su wanke shi, su ba shi abinci a baki, Allah ya saka musu, amma a rubuta hakan a rahoton don yana nuna ma'aikatan da kansu ba su iya ba.

Maganar saura kwana nawa kuwa, likitoci ba sa son ta, kuma ba laifinsu ba ne, ranar mutuwa Allah kaɗai ya barwa kansa sani. Sai dai doka a wurare da yawa tana neman ƙiyasi, hukumar gidajen yarin tarayyar Amurka alal misali wata 18 take dubawa. Kar ka matsa wa likita ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, ka dai roƙe shi ya rubuta abin da aka saba gani ga masu irin wannan ciwon a irin wannan matakin, makonni ne ko watanni. Bincike ya sha nuna cewa likitoci sun fi karkata ga ƙiyasta wa marasa lafiyarsu kwana fiye da abin da suke samu, don haka in an ce wata shida kai ka yi aiki kamar wata biyu aka ce.

Kuma kar a yi ƙari, kar a sayi rahoto. Masu yanke hukuncin nan a tsorace suke tun asali saboda abubuwan da suka faru. Abdelbaset al-Megrahi, wanda aka ɗaure kan harin bam a jirgin saman da ya faɗo a garin Lockerbie, an sake shi daga Scotland a Agustan 2009 bisa cewa saura masa kamar wata uku, ya rayu har Mayun 2012, aka yi ta surutu. Maurice Papon, tsohon minista a Faransa, an sake shi a 2002 ya kai 2007. Jacob Zuma, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, an ba shi sakin jinya a Satumbar 2021 duk da kwamitin likitoci bai amince ba, kotu daga baya ta ce ba bisa ƙa'ida aka yi ba. Manya ne ke irin wannan fitar, amma talakan da ke kwance da gaske shi ke biyan bashin, don duk fayil ɗin da ya zo bayansu da zargi ake fara buɗe shi. Rahoto daga likitan gidan yarin haɗe da na ƙwararre a asibitin gwamnati, duka suna faɗin abu ɗaya, shi ke kashe wannan zargin.

Ina za a kai shi?

Ba wanda zai sa hannu a fitar da mutumin da ba ya iya tafiya a ajiye shi bakin geti. Buƙatu da yawa da ciwon ya cika sharaɗi a nan suke maƙalewa. Ka rubuta shirin a shafi ɗaya: adireshin gidan, waye zai zauna da shi da rana, waye da dare, wane asibiti ne ya yarda ya karɓe shi, da wasiƙar asibitin in za a samu, waye zai biya ko wace inshora ko tallafin gwamnati za a farfaɗo da shi, da wace mota za a ɗauko shi. In gidan bene ne shi kuma yana kan keken guragu ka faɗi yadda za a yi. Wanda zai yi jinyar ya sa hannu da kansa. Kuma a zauna a faɗa wa juna gaskiya a cikin dangi tun yanzu, jinyar mai ciwon ajali aiki ne mai cin rai, wanda ya ce "ba komai zan iya" a gaban taro ba lallai shi ne za ka tarar da ƙarfe uku na dare ba.

Sai maganar laifin. Kar ka tsallake ta kamar babu, kuma kar ka mai da takardar wurin sake shari'a kana cewa ai sharri aka yi masa, wannan hanyar ɗaukaka ƙara ce, daban take. Ka kawo shekarun da ya yi, halinsa a ciki, karatu ko sana'ar da ya koya, sannan ka bar jikinsa ya yi magana, mutumin da sai an ɗaga shi ba abin tsoro ba ne ga kowa. A wurare da yawa ana tuntuɓar waɗanda aka yi wa laifin ko iyalinsu, kuma haƙƙinsu ne a ji ta bakinsu. Kar ka je musu kai tsaye, wani lokacin ma akwai umarnin kotu da ya hana, ka bari lauya ya ba da shawara. In gidan da za a kai shi yana kusa da nasu, ka nemi wani wurin tun kafin a ce maka.

Lauya yana da amfani ƙwarai, in babu hali a nemi ofishin ba da lauya kyauta na gwamnati, ko ƙungiyoyin kare haƙƙin fursunoni, ko sashen koyon aikin lauya na jami'o'i. Amma kar rashin lauya ya hana ka miƙa takardar farko yau, musamman inda sai an miƙa agogo ke fara tafiya. A saman takardar ka rubuta GAGGAWA da ƙiyasin likita. Bayan nan bibiya duk mako, kuma duk lokacin da jikin ya ƙara taɓarɓarewa ka aika sabon bayani a ƙara a fayil. In an ƙi, ka nemi dalilin a rubuce, sau da yawa abu ɗaya ne ya rage, a gyara a sake miƙawa, yawancin dokoki ba su hana sake nema ba idan hali ya canza. Kafin nan kuma ka nemi abin da za a iya samu yanzu: ƙarin ziyara, a bar iyali su zauna a bakin gadonsa a asibiti, a cire masa ankwa, a kawo masu kula da raɗaɗin ciwon ajali, a bar malamin addininsa ya shiga.

In Allah ya sa an amince, ranar fita ma tana da nata aikin. Kar ku bar geti sai da kwafin fayil ɗinsa ko taƙaitaccen bayanin likita, da jerin magunguna da adadinsu, da maganin da zai kai shi har ranar ganin likita na farko a waje. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ba ya jira, mai maganin HIV ba a yanke masa, mai tarin fuka in ya katse watanni shidan nan ƙwayar cutar na iya daina jin magani, maganin raɗaɗi mai ƙarfi kuma ba a samunsa sai da takardar likita, to in aka sake shi ana gab da hutun ƙarshen mako ba tare da shi ba kwana biyun nan za su yi muku tsawo. Ka karanta sharuɗɗan sakin da kyau kafin a sa hannu, in an ce kada ya bar gari ko ya riƙa kai rahoto, ka tambaya a rubuta cewa zuwa asibiti ba saɓawa ba ne, kuma jami'in da ke sa ido a kansa ne zai riƙa zuwa gida tunda shi ba ya iya zuwa. Ka karɓi lambar wayar jami'in kafin ku shiga mota.